Kafin Ka Kama Gida Mai Injin Wanki, Ka Tambayi Ruwa

Wata Juma'a cikin watan Afrilun bara, wajen ƙarfe sha ɗaya da rabi, ina tsugune gaban injin wanki ina kallon farar jallabiyata ta cikin gilashi. Tana kwance cikin ruwan kumfa, ni ina waje ina gumi. An ɗauke wuta tun ƙarfe goma, ƙofar injin kuma ta kulle kanta, ba ta buɗuwa sai ruwan ciki ya fita, ruwan kuwa ba ya fita sai da wuta. Uwargida tana tsaye bakin ƙofa da goyo a bayanta. Ba ta yi dariya ba, ba ta yi faɗa ba, cewa kawai ta yi: "Malam, ga injin naka nan fa." Da tsohuwar riga na je masallaci ranar.

Na kawo wannan labarin ne saboda 'yan watannin nan samari masu shirin aure sun yi ta turo mini tallan gidajen haya da suke gani a Facebook da WhatsApp, suna neman shawara. Hotuna masu kyau: tayil yana sheƙi, fenti sabo, na'urar sanyaya ɗaki a bango, sai kuma a ƙarshe a rubuta da Faransanci cewa akwai injin wanki a cikin gida. Wannan layi na ƙarshe shi ke ɗaukar hankalin amarya, shi ne kuma ke ƙara wa haya kuɗi. Ni na riga na biya kuɗin makarantar wannan darasi, wata goma sha huɗu cur. To bari in faɗi abin da na koya: a Njamena, idan ka kama gida don injin wanki, ba injin ya kamata ka duba ba. Ruwa za ka duba, da wuta, da inda ruwan datti zai bi. In babu waɗannan uku, akwatin ƙarfe ka yi haya.

Kada wani ya ɗauka ina cikin masu cewa injin wanki lalaci ne, ko kuwa "iyayenmu da hannu suka yi, me ya same su?" Wanda duk ke faɗin haka, ku bincika, ba shi ke wankin ba. A gidana mu shida ne. Yara biyu na makaranta, ɗaya na rarrafe, ɗaya na goye. Daga Maris zuwa Mayu zafin garin nan kan wuce digiri 40, riga ba ta kwana biyu a jikin mutum. Da hunturu kuma ƙurar da iska ke kwasowa daga arewa, daga wajen Bodele, ba ta barin farin kaya ya wuni da haskensa. Da damina caɓi ne. Ba lokacin da kwandon wanki ke hutawa. Na sha dawowa daga kasuwa in tarar da uwargida a duƙe kan baho tun hantsi, yatsunta sun yi fari sun tsattsage saboda omo, ga girki yana jira, ga yaro yana kuka. Wannan aiki ne na gaske, ba a biyan sa, ba a ma ƙirga shi.

Ba mu kaɗai muka lura da haka ba. Wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Hans Rosling, ya yi wata shahararriyar lacca a 2010 kan injin wanki, inda ya nuna cewa a lokacin mutum kusan biliyan biyu ne kawai cikin biliyan bakwai na duniya ke da shi, sauran kuwa mata ne ke wanke musu da hannu. A shekarar dai, masanin tattalin arzikin nan ɗan Koriya ta Kudu, Ha-Joon Chang, ya kafa hujja a littafinsa cewa injin wanki ya canza rayuwar mutane fiye da intanet, saboda sa'o'in da ya mayar wa mata. Ko ka yarda da shi ko ba ka yarda ba, matar da ta samu awa uku a rana ta san me za ta yi da su: karatu, sana'a, islamiyya, ko barcin da ta daɗe ba ta yi ba. Saboda haka burin amarya na samun inji ba shagwaɓa ba ne. Abin da nake ƙi shi ne a sayar mata da burin, a riƙe amfanin.

Ga yadda na faɗa. Bayan haihuwar autarmu na ƙudura sai na sauƙaƙa wa uwargida. Dillali ya ɗauke ni a kalando, babur ɗin haya, muka zaga gida huɗu. Na biyar bene ne sabo, hawa na farko, ɗaki biyu da falo. Ya buɗe wata 'yar ƙofa kusa da kicin, sai ga inji fari fat, ledarsa ma ba a gama cirewa ba.

"Alhaji, ka ga wannan? Hajiya ta huta. Ka zuba kaya, ka danna nan, ka tafi shan shayi."

Na ce, "Ruwa fa?"

Ya murɗa famfo, ruwa ya zubo. "Ga shi kana gani."

"Wuta fa?"

"Layin nan na manya ne, Alhaji, ba a ɗaukewa."

Ƙarfe bakwai na safe ne, cikin Disamba. Ban tambayi kaina me ya sa ya nace mu zo da sassafe ba. Hayar ta fi ta wani gida irinsa da muka gani a layin baya da jaka arba'in a wata. Ga wanda bai saba da lissafinmu ba, jaka ɗaya sefa dubu ce. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi a hukumance yake jaka sittin, ƙarin jaka arba'in ba wasa ba ne. Na biya wata uku gaba, da kuɗin ajiya na wata biyu wanda muke kira kosiyo, da ladan dillali. Ba takarda, sai wani rasit da aka yago daga littafin makaranta. Ganin kitse na yi wa rogo.

Injin wanki kamar tukunya yake, kan duwatsun murhu uku yake zama. Ka cire ɗaya, tuwo ya kife.

Dutse na farko ruwa. Irin injin da ake sa wa a waɗannan gidaje, mai ƙofar gilashi a gaba, yana shan lita hamsin zuwa sittin a wanki ɗaya. Wato jarka uku ta lita ashirin. Iyali kamar nawa, wanki huɗu a mako, jarka goma sha biyu ke nan. Wannan ba yawa ba ne, wankin hannu ma kan ci haka ko fiye. Matsalar ita ce injin ba ya karɓar ruwa daga bokiti. Shi da kansa yake ja daga bututu, kuma yana bukatar ruwan ya zo da ƙarfi. Yawancin irinsa suna neman aƙalla rabin ba, ma'aunin ƙarfin ruwa ke nan, abin da ke nufin tankin ya ɗara injin tsawo da kamar mita biyar. Tankin gidanmu yana bisa rufin hawa na biyu, mu muna na farko, to da kyar ake kaiwa. Maƙwabcinmu na sama, wanda tankin ke dab da kansa, nasa injin sai ya yi ta ƙara yana nuna jan haske, ruwa na ɗiga kamar hawaye.

Tankin ma sai an cika shi. Ruwan famfon gari a layinmu da dare yake zuwa, wani lokaci ƙarfe biyu, da bazara kuma yakan yi kwanaki bai leƙo ba. Akwai rijiyar burtsatse a gidan, foraj, amma famfonta da wuta yake aiki. Ran da ba wuta ba ruwa. Sai mu koma ga masu tura amalanken jarkoki, a hau da su bene ɗaya bayan ɗaya, a ƙara musu kuɗin hawa. Ruwan ga shi a jarka, injin ga shi a ɗaki, amma ba hanyar da za su haɗu. Uwargida ta koma baho, a cikin gidan da nake biyan jaka arba'in don kada ta koma baho.

Dutse na biyu wuta. Ba sai na yi wa mazaunin Njamena bayanin ɗauke wuta ba. Alƙaluman Bankin Duniya sun daɗe suna nuna cewa kusan mutum ɗaya ne cikin goma ke da lantarki a Chadi, muna cikin na ƙarshe a duniya, kuma mafi yawan masu shi a nan babban birni suke. Tun da aka raba tsohon kamfanin STEE gida biyu a 2010, ruwa daban, lantarki daban, garin ƙara faɗi yake yi ta kowace kusurwa. Ƙidayar 2009 ta samu mutum kusan miliyan ɗaya a Njamena; dubi inda Gassi da Toukra da bayan Diguel suka kai yau. Gini yana gudu, waya da bututu suna tafiyar hawainiya.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne injin wanki ba kamar fanka ba ne, da in wuta ta dawo ya ci gaba ba ruwansa. Wanki ɗaya yana ɗaukar awa ɗaya zuwa biyu, kuma yana son wutar ta tsaya daga farko har ƙarshe. In ta yanke a tsakiya, kaya su kwana cikin ruwan sabulu, da zafin garin nan kafin safiya sun fara tsami. In kuma ta dawo da rauni ko da ƙarfi fiye da 220 ɗin da aka yi injin dominsa, ƙwaƙwalwarsa ce ke ƙonewa. Mai gida ya ce akwai janareta, gurup. Akwai kuwa, amma daga magariba zuwa sha biyun dare ake kunna shi, an kuma hana sa manyan kaya a kansa. Da gaskiyarsu ta wani fannin: injin da ke dafa ruwansa da kansa yana jan wajen wat 2000, daidai da dutsen guga babba. Amma da an gaya mini haka ran farko, da na san abin da nake saya.

Dutse na uku shi ne wanda ba wanda ke tambaya, kuma shi ya fi ba ni kunya: ina ruwan dattin yake zuwa? Mafi yawan unguwannin garin nan ba su da magudanar ƙarƙashin ƙasa. Kowane gida da raminsa, wanda ba shi da rami kuwa titi ne raminsa. Garin shimfiɗe yake kamar faifai a bakin Shari da Logon, ƙasarsa laka ce a wurare da yawa, ruwa ba ya gudu, ba ya nutsewa da wuri. A gidanmu ashe an ƙi haɗa bututun injin da ramin gida don kada ya cika a riƙa biyan motar kwasa. Sai aka huda katanga aka sako shi waje. Gida shida, inji shida.

Wata rana da yamma ina dawowa, wata dattijuwa da ke gidan ƙasa a gefenmu, mai tuyar ƙosai da safe, ta tare ni a ƙofa.

"Ɗana, ku ne na sama?"

Na ce, "Mu ne, Iya."

Ta nuna mini bakin zaurenta. Kumfa ya kwanta, ruwa ya yi kore, sauro ya yi sansani, gindin katangarta ta laka ya fara zubewa. Ta ce, "Ku kayanku sun yi fari, ni ƙofata ta yi baƙi. Wa zai sayi ƙosai a nan?"

Wallahi ban sami abin cewa ba. Duk wanda ya ga ambaliyar 2022, lokacin da gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a watan Oktoba, mutanen Walia suka koma kwana a tantuna, ya san ruwa a garin nan ba abin wasa ba ne. Wancan daga Allah ne da kogi. Wannan kuwa mu ne da hannunmu muke zuba wa maƙwabta, kullum, rani da damina. Haƙƙin maƙwabci ba a wanke shi da omo.

A wata na tara injin ya mutu gaba ɗaya. Na kira mai gida, ya ce ku kuka yi amfani da shi, ku gyara. Na ce ai kayan gida ne, kuɗinsa nake biya duk wata. Ya ce ina aka rubuta? Mai gyara ya zo ya ce ƙwaƙwalwar ce, babu irinta a kasuwa sai an aiko daga Duwala ko Dubai. Wata biyar injin yana zaune mun ɗora masa kwandon albasa, haya kuma ba ta ragu da ko sisi ba. Da muka tashi, aka cire kuɗin gyaran daga kosiyo. Ban ambaci sunan kowa ba, ba kuma zan ambata ba, don laifin farko nawa ne: na ba da kuɗi kan maganar baki.

Ku yi lissafin da ban yi ba. Jaka arba'in sau goma sha biyu, jaka ɗari huɗu da tamanin a shekara. Da na je Babbar Kasuwa daga baya na tambayi injin nan mai baho biyu, wanda ake zuba wa ruwa da bokiti, ɗaya ya wanke ɗaya ya matse, kuɗin da aka yi mini bai kai ƙarin hayar wata huɗu ba. Shi ba ruwansa da ƙarfin famfo. Ba ya dafa ruwa, don haka wutar da yake ja ba ta wuce wat ɗari uku zuwa biyar, ƙaramin gurup ko hasken rana mai ɗan ƙarfi yana ɗaukarsa. In an ɗauke wuta ka ɗaga murfi ka kwashe kayanka. In ya lalace, yawanci bel ne ko mota, mai gyaran fanka na bakin titi ma yana taɓa shi. Ba shi da kyan hoto a Facebook, amma shi aka yi domin garinmu. Kuma naka ne, ran da ka tashi ka ɗora shi a amalanke.

Akwai wasu abubuwa biyu da suka shafe mu musamman, mu Hausawan garin nan, da dillali ba zai faɗa maka ba. Na farko kayanmu. Shadda da gezna ba a yi su don inji ba. Ka jefa babbar riga mai aiki a ciki, ta fito sheƙin ya tafi, zaren aikin ya tashi. Dole dai ta koma hannun mai wanki, a sa mata sitaci, a kai wa masu bugu. Lafayar mata mai laushi ma haka, ta naɗe ta yage. Ashe rabin kayan fita na gida ba sa shiga injin tun farko. Abin da yake ɗauke wa mace shi ne kayan yara, zannuwan gado, tawul, kayan zaman gida. Wannan ma babban sauƙi ne, amma a san iyakarsa kafin a biya.

Na biyu tsarki. Gidan da ke da jariri, kayan fitsari ba sa ƙarewa. Abin da muka karanta tun muna yara a Ahalari da Ishmawi da Risala shi ne najasa da ruwa tsantsa ake gusar da ita, ruwan da wani abu bai canza masa launi ko ɗanɗano ko ƙamshi ba. Ruwan kumfa yana fitar da datti, amma ɗauraya da ruwa mai kyau ita ce magana. Injin da ke samun isasshen ruwa yana ɗauraya sau biyu ko uku, ba matsala. Wanda ruwa ke yanke masa a tsakiya fa? Uwargida ta koma sai ta fara ɗauraye kayan jariri a famfo kafin ta sa, in an gama kuma ta sake ɗauraye kayan salla a bokiti don hankalinta ya kwanta. Aiki biyu ke nan. Kowa ya tambayi malaminsa kan hukunci, amma ko a nan ma ka ga maganar ta koma kan ruwa.

Sai kuma mai wanki. Akwai wani dattijo da ya shekara bakwai yana karɓar manyan kayana, cikin masu wanki a bakin kogi, waɗanda in ka bi ta wajen gadar Chagoua da hantsi za ka ga shanyarsu a kan yashi. Da muka koma gidan inji na daina kiransa, ban ko yi masa sallama ba. Da injin ya mutu na neme shi ina jin nauyi. Ya karɓi ƙullin ya ce, "Alhaji, ni ba a ɗauke mini wuta." Muka yi dariya, amma maganar ta zauna mini. Waɗannan mutane da wannan sana'a suke ciyar da iyali, a nan da ƙauyukan da suka baro. Sun sha wuya lokacin da aka hana gawayi a 2009, dutsen gugarsu ya rasa abin ci, suka jure. Ba na cewa mace ta ci gaba da duƙawa don kada inji ya shigo. Ina cewa tsarin da ya fi dacewa da gidajenmu shi ne a raba: ƙananan kaya ga inji, manya ga mai sana'a. Kowa ya ci.

Na san masu gidaje suna da tasu hujja, kuma adalci ne a saurare su. Siminti da ƙarfe da tayil, yawanci daga nesa suke zuwa, ta Kamaru, su ƙetaro gadar Ngeli. Ƙasar da ba ta da teku komai nata da tsada yake isowa. Mai gida zai ce shi ba shi ke ba da wutar gari ba, ba shi ke sako ruwa ba, kuma 'yan haya ba sa tausayin kayan da ba nasu ba: a cusa bargo uku a inji mai cin kilo bakwai, a bar tsaba da ƙusa a aljihu. Duk gaskiya ne. Zai kuma ce yana da masu biya ba ciniki, ma'aikatan ƙungiyoyin agaji da na kamfanoni, waɗanda ofis ke biya wa haya a Sabangali ko Klemat. To madalla. Amma gidajen da waɗancan ke kamawa suna da gurup dare da rana, da tanki, da famfon ƙara wa ruwa ƙarfi. Su ana sayar musu da duwatsun murhun uku ne tare da tukunya. Mu kuma ana kawo mana tukunyar kaɗai a Diguel da Ndjari da Amriguebe, a ce mu biya kuɗi irin na wancan tsari. Nan ne na ce a'a. A fikihun haya, abin da ake biya shi ne amfani, ba ganin ido ba. In ka karɓi kuɗin wanki, sai wanki ya yiwu.

A manyan biranen Turai da Amurka, in an rubuta cewa gida yana da injin wanki a ciki, ana ƙara kuɗi ne saboda an hutar da kai zuwa shagon wanki na unguwa. Ba wanda ke tambayar ruwa ko wuta a can, don an gama da wannan tun kakanni. Mu mun kwafo layin tallan, mun bar abin da ke ƙarƙashinsa.

To me za a yi? Kai mai neman gida, ka je sau uku kafin ka ba da ko dala: da safe, da azahar, da dare. Ka murɗa famfon da ke bayan injin, ba na tsakar gida ba. Ka ce a kunna injin a gabanka ya yi wanki ɗaya cikakke, ko da tsumma ne. Awa ɗaya ce, ta fi shekara ta nadama. Ka bi bututun ruwan datti da ƙafarka har inda ya ƙare. Ka tambayi mai shagon layin da masu tura ruwa, su ne suka san gaskiyar famfon unguwa. In ka ga amalanken jarkoki sun yi layi a ƙofar bene, ka samu amsarka. Ka tambaya ko mitar wuta taka ce kai kaɗai ko ta tarayya, don inji a kan mita ɗaya da maƙwabta faɗa ne ake ajiye wa. Ka tafi da matarka, ita ce za ta yi aiki da shi, ita ta san tambayar da ba za ta zo maka ba.

Sannan a rubuta. Wa ke gyara in ya lalace, cikin kwana nawa, nawa za a rage a haya in ya wuce haka, awa nawa gurup ke aiki, me za a iya cirewa daga kosiyo. Shaidu biyu, kowa da kwafinsa. Mu mutanen kasuwa ne, kakanninmu da suka yada zango a Fort-Lamy kan hanyar Makka da amana suka yi ciniki, shi ya sa har yau muke jin kunyar cewa a rubuta, kamar zargi ne. Ba zargi ba ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani kan rubuta bashi ta sauka. In mai gida ya ƙi takarda, ka ce ya ɗauke injinsa ya rage kuɗin, ka sayi naka.

Ku masu gidaje, cikinku akwai 'yan uwanmu da muke sahu ɗaya a masallaci. Kuɗin inji shida ya isa a haƙa rami mai kyau, a ɗaga tanki, a sa famfon ƙarfi. Ku fara da wannan. Ko ku ware ɗaki ɗaya a ƙasa, kusa da tanki, ku sa inji biyu masu ƙarfi na kowa da kowa, a riƙa biya kan kowane wanki. Ya fi sauƙin gyara, ya fi sauƙin lura, ruwan dattin kuma wuri ɗaya zai bi.

Hukuma ma tana da nata. Ofisoshin magajin gari na gundumomi goma na birnin nan su riƙa duba inda bene ke zubar da ruwansa kafin a bar mutane su shiga, ba sai maƙwabta sun kai ƙara ba. Batun kuɗin gaba da na ajiya kuma yana son iyaka bayyananniya da kowa ya sani. Kodebuwa ta yi doka a 2018 da ta tsayar da su a wata biyu-biyu. Ba sai mun kwafa harafi da harafi ba, amma ɗan haya ya san inda zai tsaya in an riƙe masa kuɗi.

Yanzu muna wani gidan ƙasa, ɗaki uku da tsakar gida, ba tayil mai sheƙi. Injinmu mai baho biyu yana ƙarƙashin rumfa kusa da randa. Ran da aka kawo wuta, ko ƙarfe nawa ne, uwargida da babbar 'yarmu su zuba ruwa su kunna, kafin awa ɗaya igiya ta cika. Ruwan ɗauraya muna tara shi mu yayyafa wa tsakar gida saboda ƙura, na kumfa kuma yana bin bututu zuwa ramin da na sa aka haƙa da kuɗina, aka cire daga haya, a rubuce. Dattijo mai wanki yana zuwa duk Talata ya karɓi manyan riguna. Jaka arba'in ɗin nan kuwa, rabi yana tafiya kuɗin makarantar yara, rabi uwargida ta ja jari tana sayar da turaren wuta.

Kafin mu bar wancan gida na je na yi wa Iya mai ƙosai sallama, na nemi gafararta. Ta ce ta yafe, amma in gaya wa wanda zai shigo bayanmu. Ban san wanda ya shiga ba. Shi ya sa na rubuta a nan.